Masu Gadin Mabiyiya

A layin masu gyaran waya, in ka bi matattakalar da ke gefen shagon mai fenti ka hau bene, za ka iske wani ɗaki mai faɗi da taga ɗaya tak, ita ma babu labule. A nan Mai Labule take aiki. Abokan ciniki sukan yi mata tsiya a kan wannan tagar, ita kuwa sai ta ce haske take so, mai son leƙe ya leƙo. Kekunan ɗinki biyu ne a ɗakin, da dogon teburin yanka, da bandir-bandir na yadi a jingine da bango, sai tsanin ƙarfe da take naɗewa ta cusa a bayan tasi in za ta je ɗaura labule a gidan mutane. Mace ce mai saurin hannu da saurin baki, kuma da ido kawai takan gaya maka tagarka ta karkace, ko da magininka ɗan'uwanka ne.

A gida Auta ake ce mata. Su biyu Mama ta haifa, Yaya da ita, kamarsu ɗaya kamar an tsaga kara. Tun suna ƙanana Yaya ce ke shiga gaba a komai. Rigar da ta yi wa Yaya kaɗan ita ce sabuwar rigar Auta. Malamin da Yaya ta ce mugu ne, Auta ta tsane shi tun ba ta ga fuskarsa ba. Shi ya sa ta tashi ba ta san tsoro sosai ba, don duk hanyar da za ta bi akwai sawun Yaya a kai.

Har ciwo ma Yaya ce ta fara. Farfaɗiya ta kama ta tana budurwa, aka kai ta asibiti, aka ɗora ta a kan wata farar ƙwaya safe da yamma, ciwon ya lafa. Bayan 'yan shekaru, wata rana da hantsi Auta tana guga ta ce tana jin warin waya ta ƙone. Kafin a duba soket ta zube ƙasa tana jijjiga. Mama ta rufe ƙofa, ta rufe taga, ta zauna ta tallafe kanta har ta farfaɗo. Da ta gama kukanta sai ta yanke hukunci. 'Ya ɗaya mai farfaɗiya, mutane za su ce ƙaddara ce. In suka zama biyu, za su ce a jinin gidan yake, kuma babu mai sake zuwa ƙofarsu da maganar arziki. Saboda haka babu zancen asibiti. Uwa ɗaya uba ɗaya, ciwo ɗaya, jiki iri ɗaya, ai magani ma ɗaya ne. Aka riƙa kai kwalin Yaya kemis a sayo biyu, a ɓare na Auta a zuba a gwangwanin alewa wanda babu sunan komai a jikinsa.

Wannan rufin asiri na Mama abin haushi ne, ba sai an faɗa ba. Abin da ya fi ba da haushi kuma shi ne dabarar ta yi aiki. Auta ta shekara da shekaru ba ta sake faɗuwa ba. Ta koyi ɗinki, ta buɗe shago, tana hawa tsani kamar ba ta da komai. Babu likitan da ya taɓa sanin tana da wannan ciwon.

Mutum ɗaya ta gaya wa da bakinta, wani mai gyaran firji da ya zo duba na'urar sanyaya ɗaki a shagon maƙwabta ya kuma rasa dalilin daina zuwa. Kowa Injiniya yake ce masa, duk da shi kansa ya san iyakarsa. Da maganar aure ta yi ƙarfi ta ajiye masa gwangwanin a kan teburin yanka ta faɗa masa komai, tana kallon ƙofa don ta ga ta inda zai fita. Ya juya gwangwanin, ya ce, "To ni ma ina minshari, kuma nawa ba shi da magani. Sai mu yi haƙuri da juna."

Bayan aure, da ciki ya samu, Yaya ce ta raka ta awon farko. Tun a cikin tasi ta fara karanta mata darasi.

"In sun tambaye ki ko kina shan wani magani, ki ce babu. Kina faɗa, za su riƙa ƙwala miki kira da shi a gaban mata, kafin yamma dangin mijinki sun ji. Ni uku na haifa a kan wannan ƙwayar, wanne kika ga ya zo da ƙaho?"

Auta ta yi dariya. Gaskiya ne, 'ya'yan Yaya uku ne, dukansu ƙosassu, masu ɓarna, masu surutun tsiya. Da nas ta yi tambayar, Yaya ce ma ta amsa, Auta ta gyaɗa kai kawai.

Haka aka tafi har cikin ya fito sosai, ta fara jin motsi, ta fara ɗinka 'yan riguna da ragowar shafin labule. Ran da aka yi hoton ciki na biyu, mai hoton ya daɗe yana goga abin a cikinta, ya auna, ya sake aunawa, sannan ya ce ta jira Likita. Yaya ta fita amsa waya, mijinta na neman makullin gida. Likita ta shigo, wata dattijuwa mai furfura a gefen kai, ta ja kujera kusa da gadon, ta ce jaririn yana da rai, zuciyarsa na bugawa lafiya, amma ya yi ƙanƙanta a kan watanninsa. Sai ta dubi Auta ido cikin ido.

"Ƙanwata, daga ni sai ke a ɗakin nan. Akwai abin da kike sha?"

Auta ta waiga wajen ƙofa. Yaya ba ta dawo ba. Karon farko ke nan a rayuwarta da aka yi mata tambaya mai nauyi babu wanda zai amsa mata. Ta zuge jaka ta fito da gwangwanin. Likita ta zazzage ƙwaya ɗaya a tafin hannu, ta karanta 'yan haruffan da ke jikinta. Tun kafin Likita ta ɗago kai, Auta ta hau magana da sauri kamar mai ciniki. Ta ce na yayarta ne, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, ta haifi uku a kansa, ga ta nan a waje, a kira ta ta faɗa.

Likita ta ce, "Na yarda da ke. Amma bari in gaya miki wani abu. Kin san mabiyiya, wadda ke biyo jariri bayan ya fito? Ita ce tsakaninki da shi. Abinci da iska ta cikinta suke ratsawa, magani ma haka. To a jikinta akwai wasu ƙananan sinadarai na furotin, ido ba ya ganinsu, aikinsu kamar na masu gadi. In wani magani ya shigo, sai su kama shi su mayar cikin jininki. Ba kowane magani suke tarewa ba, ba kuma duka suke iya mayarwa ba. Sannan ba a raba su daidai ba. Wata mabiyiyar tana da su da yawa, wata kaɗan."

"Ai tawa irin ta Yaya ce."

"Ba taki ba ce, ta jaririn ce. Daga halittarsa ta tsiro, rabi gado daga gare ki, rabi daga mijinki. Ko ke kanki, in kika sake yin wani cikin, da tasa zai zo daban. A ciki ɗaya ma yawansu yakan canza in watanni suna tafiya, cuta ko zazzaɓi na iya taɓa su."

Auta ta tashi zaune. Ta ce to a auna nata a gani. Likita ta girgiza kai, ta ce abin da ke yawo a jinin Auta za ta iya aunawa, amma abin da ya tsallaka can ciki ba ta da hanyar aunawa ba tare da ta taɓa abin da bai kamata a taɓa ba.

"Ƙanƙantar tasa daga maganin ne?"

"Wataƙila. Wataƙila kuma haka Allah ya yi shi. Ban sani ba, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. Abin da na sani ɗaya ne. Kada ki kuskura ki daina sha da kanki. In ciwon ya tashi kina da cikin nan, ku duka biyu ne a haɗari."

Ta haɗa ta da likitan ƙwaƙwalwa, aka ɗebi jini, aka ƙara mata wasu ƙwayoyin gina jiki, aka ce canjin magani a wannan gaɓar sai an bi a hankali. Auta tana jin su sama-sama. Abin da ke kanta shi ne wasu bandir biyu da ta taɓa saya, launi ɗaya, zane ɗaya, kamfani ɗaya, amma da ta rataya su a gidan wata mata sai ɗaya ya tare rana ɗaya kuma ya bar ta tana shigowa. A hannu ba ka gane bambancin, sai an rataya.

A hanyar gida Yaya ta yi ta faɗa. Likitocin yanzu ba su da aiki sai tsorata mutane, wa ya aike ta ta buɗe baki, yanzu ga shi ta jawo wa kanta tunani. Da suka kusa rabuwa Yaya ta sassauta murya ta ce, "Ni fa ban san da wasu masu gadi ba, Auta. Wallahi ban sani ba." Mama kuwa da labari ya kai mata, tambayarta ta farko ita ce ko dangin Injiniya sun ji.

Injiniya ya saurari bayanin yana tsaye da akwatin kayan aiki a hannu. Da ta zo wurin da rabin mabiyiyar nasa ne, ya yi ƙoƙarin ba ta dariya. Ya ce in dai masu gadin daga danginsu aka ɗauko, to a yi addu'a, don kawunsa ya yi gadi a wani kamfani aka sace har kujerar da yake barci a kai. Ya fara dariya, ya ga fuskarta, dariyar ta maƙale. Ya ajiye akwatin ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta.

Daga ranar ƙwayar nan ta zame mata abin tsoro. Abin da ta shekara tana jefawa a baki ko dubawa ba ta yi, yanzu sai ta riƙe shi a hannu har ya fara narkewa da gumi. In ta haɗiye, sai ta zauna tana bin sa da tunani, ya sauka, ya shiga jini, ya isa ƙofa. Akwai masu tsaro a wurin, ko babu kowa? In jaririn ya yi motsi bayan ta sha, sai ta ce abin ya kai masa yana ƙona shi. In bai yi ba, sai ta ce ya bugar da shi. Ta daina cin abinci da daɗi, ta ɓata wa wata mata labulen falo gaba ɗaya, ta yanke shi gajere da kusan taƙi guda, abin da bai taɓa faruwa da ita ba.

Mai ɗinki in abu ya yi yawa rage shi take yi, hannunta abin da ya sani ke nan. Wata safiya a shago ta ɗora ƙwayar a kan tebur ta raba ta biyu da almakashin yadi, ta sha rabi ta jefa rabi a kwandon ƙyalle. Ta gaya wa kanta ai ba dainawa ta yi ba. Kwana ya biyo kwana ba abin da ya faru, sai ta fara tsallake ta yamma. Har ta ɗan ji sauƙi a ranta, ta soma ganin kamar ita ce ta tsaya a ƙofar da kanta.

Ranar da abin ya zo tana kan tsani a shagonta, tana gwada ninkin wani labule a ƙarfen gwaji. Sai ta ji warin waya ta ƙone. Ta san babu wayar da ke ƙonewa. Ta fara sauka tana riƙe da ƙarfen da hannu biyu, tana cewa Allah ka bar ni in kai ƙasa, Allah ka bar ni in kai ƙasa. Ta kai. Ta ja jiki zuwa tarin yadin da ke gefen tebur ta kwanta ta gefe, daga nan ba ta ƙara sanin komai ba.

Ta farfaɗo da ɗanɗanon jini a baki, zaninta a jiƙe, rana ta matsa daga kan tebur zuwa bango. A ƙasa masu gyaran waya suna ta kiɗansu, babu wanda ya ji komai. Ta ɗora hannu a ciki. Shiru. Ta danna gefen da yakan harba, ta jijjiga, ta yi masa magana, ta kira shi da duk sunayen wasan da take kiransa. Ko alama. Ba ta taɓa sanin akwai tsoro irin wannan ba, wanda ko kuka ba ya bari ka yi. Da kyar yatsunta suka nemo lambar Injiniya.

A asibiti nas ta goga mata abin sauraro a ciki, ta matsa nan, ta matsa can, ba a jin komai sai shuuu. Injiniya yana tsaye bakin labule da baƙin mai a hannunsa, leɓensa na motsi. Can ƙasa ta hagu sai ga shi, bugu mai sauri, ƙarami, amma yana nan. Sai a lokacin kukan ya zo mata.

Likita ba ta yi mata ihu ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta ce, "Maganin ban san abin da yake yi masa ba. Wannan kuwa na sani. Lokacin da kike jijjiga, numfashinki ya ragu, nasa ma ya ragu. Yau kun tsira. Kada ki sake gwada ni."

Auta ta koma gida ta miƙa wa Injiniya sabon kwalin, wanda yanzu sunanta ne a jiki. Ta ce masa, "Ka riƙe. Kai za ka riƙa ba ni, ka tsaya sai ka ga na haɗiye, ka ce in buɗe baki ka duba. Kada ka yarda da ni." Haka aka yi har ƙarshen cikin. Safe da yamma mutumin nan zai tsaya da kofin ruwa, ya ba matarsa abin da shi ma yake jin tsoronsa. Tsanin kuwa aka naɗe shi aka ba mai fenti ajiya.

Mace aka haifa, 'yar mitsitsiya, kukanta kamar na kyanwa. Da mabiyiyar ta fito Auta ta roƙi ungozoma ta nuna mata. Aka kawo a kwanon silba. Ta ƙura mata ido, tsoka ce ja-baƙi mai jijiyoyi, ba ta da wata alama da za ta gaya maka ta yi aikinta ko ba ta yi ba. Jaririyar ta yi ta barci, ta ƙi kama nono, aka sa ta a kwalba ana ba ta madara ta siririn bututu. Auta tana zuwa ta tsaya a bayan gilashi tana kallon ƙirjin nan yana ɗagawa yana sauka, tana tsoron ƙifta ido. Bayan wasu kwanaki yarinyar ta buɗe ido sosai, ta kama nono da fushi, aka sallame su.

Kafin su fita Auta ta tambayi Likita ko shi ke nan. Likita ta ce duk abin da ake iya dubawa yanzu lafiya lau ne. Sauran sai a hankali, lokacin zama, lokacin tafiya, lokacin magana, lokacin makaranta. Yawancin yara ba abin da ke samunsu. A riƙa kawo ta dai ana gani.

Yanzu yarinyar tana tafiya, har gudu take yi tsakanin bandir-bandir, ta naɗe kanta da shafi ta faɗi ta tashi. Ta yi zama a kan lokaci, ta yi rarrafe a kan lokaci, kowanne sai da uwar ta rame kafin ya zo. Magana ce ba ta zo ba. Sa'anninta a layin suna cewa ruwa, suna cewa baba, har da mai zagi a cikinsu. Ita da yatsa take mulkin gidan, ta nuna abu a kawo mata, shi ya sa ubanta yake ce mata Manaja. An duba kunnenta, tana ji sarai. Likitan yara ya ce a ƙara ba ta lokaci. Maƙwabta sukan ce wa Auta ta kwantar da hankalinta, ai yara kowa da irin nasa, ba su san wannan maganar ce take hana ta sukuni ba.

Jiya da safe, kafin su fita shago, Auta ta zauna a bakin gado ta ɓare ƙwayarta. Manaja ta saki takalmin da take ja, ta tako ta tsaya tsakanin gwiwoyin uwar. Ta dubi ƙwayar, ta nuna ta da yatsa, sannan ta ɗaga kai ta wangale ɗan bakinta tana jira, yadda ta ga ana yi kullum.

Auta ta dunƙule hannun ta ɗaga shi sama, da ɗayan kuma ta rufe bakin yarinyar a hankali.

"A'a, uwata. Ke kin riga kin sha naki," ta ce. "Ban dai san ko nawa ba ne."

Ta juya baya ta haɗiye, ta kora da ruwa, ta ɗora kwalin can saman sif inda ita ma sai ta yi ɗage take kaiwa.